Sawun Zaki

Duk wanda ya san Layin Teloli a garinmu ya san shagon Gwadabe. Shekara ashirin da bakwai yana taka keke a wurin, kuma in dai aikin wuyan babbar riga ake magana, daga shi an rufe ƙofa. Ba wai ba ya saɓa alkawari ba ne. Tela ne, in ya ce maka Talata, ka tambaye shi ta wane wata. Amma ranar da ya miƙo maka rigar, sai ka yafe masa har da laifin da bai yi ba tukuna.

Abu guda Gwadabe yake tsoro, shi ne bakin maƙwabcinsa Sallau mai bugun shadda. In Sallau ya laƙa wa mutum suna, to ya zauna ke nan har jikoki. Akwai wani tela a layin da ya taɓa ɗinka wa ango wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Yau shekara goma sha biyu, ba mai tuna sunansa na yanka, kowa Ɗingishi yake ce masa, har matarsa in ta fusata. Shi ya sa Gwadabe yake takatsantsan da sunansa fiye da yadda yake yi da almakashinsa.

Wata Alhamis da hantsi, layi ya watse an tafi ɗaurin aure, sai ga mota ta tsaya a ƙofar shagon. Dakta Lantana ce ta fito, likitar dabbobi, 'yar wani tsohon amininsa da ya rasu. A gabansa ta girma, don haka ba ya iya ce mata a'a. Ta shigo riƙe da kwando a rufe, da shadda ruwan zuma a hammata.

"Baba Gwadabe, ɗinki na kawo."

"Madalla. Na maigida ne?"

"A'a."

"Na yaro ke nan."

"To, kusan haka dai," in ji ta, ta buɗe kwandon.

Wani ɗan farin kare ya leƙo, gashi buzu-buzu kamar an tsefe auduga an manna mata ido biyu. Gwadabe bai san lokacin da ya ɗane teburin yanka ba, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa.

"Subhanallahi! Lantana, me na yi miki? Fitar da shi kafin wani ya gani!"

"Baba, Alewa ne sunansa, ba ya cizo."

"Ni ba cizonsa nake tsoro ba, na Sallau nake tsoro."

Da ta samu ya sauko, ta yi masa bayani. Ƙungiyarsu ta likitocin dabbobi ta shirya gasa nan da mako biyu, ta raguna da shanu da kaji, kuma bana an ƙara ɓangaren kwalliya. Sauran masu karnuka duk daga ƙasar waje suke yo odar 'yan rigunan sanyi. Ita kuwa 'yar shara take so da hula, da aikin wuya irin namu, a zagaye wuyan da zanen sawun Alewa.

"So nake a san mu ma muna da hannu, Baba. Na zagaye garin nan a raina, ban ga mai iyawa ba sai kai."

Nan ta kama shi, don babu telan da ba ya jin wannan magana har cikin ƙashinsa. Ya yi gyaran murya, ya kafa sharuɗɗa: ba zai taɓa karen ba, ita za ta auna tana faɗa masa, kuma maganar ta mutu a cikin shagon. Ta auna wuya, ta auna ƙirji, ta auna baya. Alewa ya tsaya cak, bai shanye ciki ba, bai ce a ƙara masa kafaɗa ba. Gwadabe ya yarda a ransa cewa tun da yake bai taɓa samun mai ɗinki mai ladabin wannan ba. Da ta miƙo masa tef ɗin awon, ya ce ta riƙe, ya ba ta kyauta.

Da ƙyama ya fara aikin, amma hannu ba ya jin kunya. Kafin kwana uku ya manta na waye. Ya zauna ya sarrafa sawun nan da zare ruwan gwal, dunƙule ɗaya a ƙasa, 'yan ɗigo huɗu a sama, ya jera su suna bin juna, ya kewaye su da sarƙa siririya. Shi kansa in ya ɗaga ƙyallen sai ya yi murmushi. Kullum a bayan labule yake ɓoye shi. Rana ɗaya tak ya manta shi a kan keke, kuma ranar ce Allah ya kawo Alhaji Barau Maidusa.

Alhaji Barau shi ne babban dillalin dusa da abincin dabbobi a garin, kuma shi ne ƙashin bayan shagon Gwadabe, don duk rigar da ya sa, abokansa goma sai sun biyo sawu. Ciwonsa ɗaya, ba ya son ya ga kayansa a jikin wani. An taɓa ganinsa ya bar wurin walima ya koma gida ya sake hula, don kawai ya hango irin tasa a kan wani direba.

Yana shigowa idonsa ya faɗa kan ƙyallen. Ba a riga an yanka shi ba, aikin wuyan ne kawai a shimfiɗe. Ya ɗauka, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana kallo.

"Gwadabe, ashe kana da irin wannan kake ɓoye mini? Ai wannan sawun zaki ne!"

Gwadabe ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya hango Sallau ya ajiye mabuginsa ya matso bakin ƙofa, wai yana shan iska. Ya mayar da bakin ya rufe.

"Na waye?" in ji Alhaji.

"Na wani ne, ranka ya daɗe."

"Wane wani? Akwai wanin da ban sani ba a garin nan?"

"Baƙo ne. Daga waje ya zo."

"Ɗan kasuwa ne?"

"Ba ya sana'ar komai. Daga ci sai kwanciya."

"'Ya'yan masu kuɗin zamani ke nan. Yana zuwa masallacinmu na Juma'a?"

"Ko ƙofar ba ya zuwa."

"Allah ya shirye shi. Ɗaurin aure fa, ko suna?"

"Ba a gayyatarsa, Alhaji. In ma ya je, korarsa za a yi."

Alhaji ya tafa hannu. "To ka ji! Ina za mu haɗu da shi? Ka nemo mini shadda irin wannan sak, ka zuba mini sawun zakin nan tun daga wuya har aljihu. Asabar ta sama nake so, ina da taro."

"Alhaji, da ka bari na yi maka aska tara. Wannan ba zai dace da kai ba."

"Ba zai dace da ni ba? Shi mai shi ya fi ni ne?"

"Ba haka nake nufi ba. Da mai shi dai, shi ya sa."

"In ba za ka yi ba ka faɗa mini, in tsallaka wurin Ɗingishi."

Gwadabe ya dubi Alhaji, ya dubi Sallau, ya ga gaba kura baya sayaki. Ya lissafa a ransa cewa gaskiya ne, ina Alhaji Barau ina Alewa? Ɗaya yana kasuwa, ɗaya yana kan kujerar likita. Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Kuma a karon farko a tarihin shagon, ɗinki biyu suka fita ranar da aka yi alkawari.

Ranar Asabar zuciyarsa ta ƙi ba shi haƙuri, yana son ya ga aikinsa a jikin mai shi. Ya ja hula har gira, ya tafi filin gasar, ya laɓe a bayan masu raguna kamar mai neman na layya. Yana nan tsaye sai ya ji mai gabatarwa a lasifika yana cewa:

"Jama'a, a tafa wa uban taronmu, wanda ya ciyar da dabbobin nan kyauta, kuma shi zai miƙa kyaututtuka da hannunsa, Alhaji Barau Maidusa!"

Gwadabe ya ƙara jan hularsa. Duk lissafin da ya yi, ya lissafa masallaci, ya lissafa biki, amma ya manta cewa mai sayar da dusa ba ya rasa taron dabbobi.

Alhaji ya shigo yana tafe yana gyara hannun riga, shadda ruwan zuma tana ɗaukar ido. Manyan baƙi suka miƙe suna taɓa wuyan rigar suna santi. Har daga inda yake Gwadabe yana jiyo shi yana cewa, "Sawun zaki sunansa. Ni kaɗai ke da shi a garin nan."

Aka ba rago kyauta, aka ba bijimi, aka ba wani zakara mai faɗin rai. Sannan aka kira 'yan kwalliya. Wata kyanwa ta fito da ɗan gyale tana ta kokawa da shi. Karnuka uku suka biyo baya cikin rigunan sanyi na ƙasar waje, a wannan zafin na watan bazara, harshe a waje suna haki. Daga ƙarshe Dakta Lantana ta fito, Alewa yana gabanta yana taku ɗaiɗai, cikin 'yar shara ruwan zuma, hula a karkace, zaren gwal yana walƙiya a wuyansa.

Idanu suka tafi kan Alewa, suka dawo kan Alhaji, suka sake komawa kan Alewa. Can daga baya wata mata ta rangaɗa guɗa ta ce, "Anko! Allah ya bar zumunci!"

Wurin ya kece da dariya. Alƙalan gasar ko shawara ba su yi ba, suna share hawaye suka nuna Alewa. Ba yadda Alhaji zai yi, shi ne uban taro, dole ya ɗauki kofi ya je ya miƙa. Dakta ta ɗaga Alewa don a ɗauki hoto, shi kuwa ɗan halak, da ya ga mai kaya irin nasa, sai ya miƙa ƙafa ya dafa ƙirjin Alhaji. Da ya janye, ga shatin ƙura nan a jikin shadda, dunƙule ɗaya da ɗigo huɗu, daidai kusa da na zaren, ko tsawon tsinke bai bambanta ba. Nan kowa ya ga irin zakin.

Gwadabe bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya koma shago ya zauna a kan keke, ya kasa zura zare a allura. Kafin la'asar hoton ya shiga kowace waya a layin. Teloli suka taru a bakin ƙofarsa, Sallau yana gaba, bakinsa yana motsi kamar mai tauna goro. Gwadabe ya san wannan motsin. Suna ake ƙerawa, kuma kafin magariba sai ya sauka a kan wani.

Sai ga Alhaji Barau ya diro daga mota, daga shi sai 'yar ciki, babbar rigar a dunƙule a hannu. Ya wurga ta a tsakiyar shagon.

"Gwadabe! Ni za ka yi wa anko da kare?"

"Alhaji, ai na ce maka da mai shi."

"Ka ce mini baƙo ne!"

"Baƙon ne, ranka ya daɗe. A jirgi aka kawo shi."

"Ka ce ba za mu haɗu ba!"

"Kai ka ce. Ni masallaci da ɗaurin aure ka tambaye ni, na ba ka amsa."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Alhaji ya juya wurin jama'a, jijiyar wuyansa a tashe, yana nuna Gwadabe da yatsa.

"Ku zama shaida! Daga yau ni da shagon nan haihata-haihata, kuma duk mai ƙaunata kada ya sake kawo masa ko ƙyallen faci. Wannan ba tela ba ne. Ɗinkinsa ɗinkin zubar da mutunci ne, duk wanda ya sa shi sai ya ji kunya a bainar jama'a!"

Duk abin da aka faɗa Gwadabe ya shanye, amma da aka taɓa ɗinkin sai ya ji abin ya soke shi. Ya sunkuya ya ɗauki rigar, ya kakkaɓe ta, ya shafa wuyan da tafin hannu, ya ninke ta tsaf ya ɗora a kan tebur. Sallau ya riga ya buɗe baki. Gwadabe ya riga shi.

"Alhaji, kada ka ɗora wa ɗinki laifi. Ku biyu kuka sa shi yau, ɗaya har kofi ya ciyo."