Batirin Jirgin Habu da Wayoyin 'Yan Suna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na jefa jirgin Habu cikin ciyawar kachalla, ni da ko fiffikensa ban taɓa ba.

Habu ɗana ne na uku, mai gyaran waya a kasuwar Haɗeja, magidanci da 'ya'ya biyu, amma har yau wasan jirgi yake. Shekara biyu yana haɗa wani ɗan jirgi mara matuƙi, wai zai riƙa shawagi kan gonakin shinkafa yana korar tsuntsayen jan-baki, in ya gama ya dawo inda ya tashi da kansa. Da ƙyar manoman fadamarmu suka yarda su zo gani ranar Asabar. In ya burge su, aikin korar tsuntsun bana nasa ne.

To ranar Juma'a aka yi suna a gidanmu. Kwana uku babu wuta, mata sun cika tsakar gida, kowace na kukan wayarta ta mutu. Ni kuwa na san inda Habu ya ajiye batirin jirgin, har da 'yar igiyar da yake cajin waya da ita. Na ɗauko. Waya biyar na cika (ta maƙwabciyata Hajiya Ladi sau biyu, matar ba ta gajiya da ɗaukar hoto). Da na gama na duba 'yar na'urar da ke nuna ƙarfin wutar batirin da lamba. Bakwai cif. Da safe takwas da 'yan kai ne. Na ce ɗaya kacal ta ragu, me aka ci? Sai da na haura sittin na koyi karatu a ajin manya, tun daga nan kuma ba mai gaya mini lamba.

Asabar Habu ya ɗaura batir bai ko duba ba. Jirgi ya tashi lafiya lau, dattawa har da kabbara. Da ya kai bakin kogi Habu ya danna masa ya dawo. Ina! Ya yi ta kewaye kamar akuyar da ta ɓata a kasuwa, sai cikin kachalla, tsulum.

Habu na gumi yana wa sarkin noma bayani. "Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan abu a allon jirgin, bai kai ƙwayar wake ba. Shi ke tace wutar batir ya ba GPS, abin da ke gaya wa jirgi inda yake. Amma sai wutar batir ta ɗara wadda yake bayarwa. Da injin ya ja da ƙarfi, wuta ta sauka, ya saki, GPS ya ɗauke. Abin da ban gane ba, da hannuna na cika batirin nan, shuɗin."

Ina zare wa Hajiya Ladi ido, amma bakinta ya riga ni. "Shuɗin nan? Ai batir ne mai albarka! Inna ta cika mana wayoyi da shi jiya. Ga tawa ma, da ita na ɗauki faɗuwar."

Kowa ya juyo.

"Inna?"

"Bakwai na gani!"

"Bakwai yana kwance, Inna. In ya ɗau kaya fa?"

Masunta ne suka tsamo jirgin da kwalekwale, fiffike a karye. Manoma suka koma korar tsuntsu da igiya da gwangwani, ciki har da ni, da wannan gwiwar tawa, ina ihu a gona tun hantsi.

Na dai koyi abu ɗaya. In za ka yi kyauta da kayan wani, zaɓi mai karɓar da ta iya yin shiru.