Guzberin da na yi rainonsa a firji

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na ba Alhaji Sabo guzberi ba. Alhaji ɗan kasuwa ne a unguwar Al Sabkha ta Dubai, ya kama hayar wata 'yar gonar lemo a garin Hatta, yana neman wanda zai kula masa da ita. Ni kuwa aikin gona na karanta, amma a Dubai kwalaye nake lissafawa a wani sito. Aikin gonar Alhajin nan ina son sa kamar me.

Guzberi wani ɗan itace ne mai ƙaya na ƙasashen ƙanƙara. Irin da wani abokin aikina ya kawo mini dashensa daga ƙasarsu ba ya jin sanyi ko kaɗan, ganyensa ba ya kama farar cuta, amma zafi ne abokin gabarsa. Kuma ba ya fure sai ya sha sanyi na watanni. To ina sanyi a unguwarmu Al Qusais? Sai na cusa tukunyar da na dasa shi a firjin gidanmu (mu biyar ne a gidan, firjin ɗaya). Garba, wanda muke ɗaki ɗaya, kullum sai ƙaya ta soke shi wajen ɗauko miya.

"Wallahi ko ni ko bishiyar nan!" in ji shi.

Bishiyar ta zauna. Da na fito da ita na ajiye ta bakin taga a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ina shafa mata fure da auduga a madadin ƙudan zuma, ta yi 'ya'ya 'yan ƙwayoyi, kore shar. Ni na sa guzberi ya haihu a Dubai, kuma har gobe ina alfahari da wannan.

Ranar Juma'a na bi Alhaji gonarsa ta Hatta da 'ya'yan a faranti. A gaban baƙinsa na tsaya ina zuba bayani: jurewar sanyi, ƙarfin saiwa, yawan 'ya'ya. Da kaina ya yi zafi har na ce ya fi inabi zaƙi (ban taɓa sa shi a baki ba, tausayin tsinkewa nake yi). Na karanta cewa wannan irin sai ya yi ja yake nuna, amma ɗoki ya shafe mini wannan.

Alhaji ya yi bisimilla ya tauna. Idonsa ɗaya ya rufe, wuyansa ya shige cikin riga. Dattijon kirki, bai tofar ba.

"Masha Allah," ya ce da ƙyar. "Yalla, maza, malam manomi, kai ma bisimilla."

Na jefa uku a lokaci ɗaya don in nuna gwaninta. Tsamiya wasa ce! Hawaye na zuba, ina gyaɗa kai ina cewa, "Haka yake, Alhaji, sai an saba." Wani baƙo ya yi dariya har shayi ya fito masa ta hanci. Kunya ta kama ni, na ce a raina aiki ya tafi.

Da Alhaji ya kurkure baki sai ya tambayi yadda na yi abin ya haihu. Na ba shi labarin firji.

"Wanda ya yi wa wannan masifar hidima haka, lemona ba zai sha wuya a hannunsa ba. Khalas, shi ke nan, ka fara ranar Litinin. Amma kada in ga ko ganyenta a gonata."

Yanzu a gonar nake. Duk abin da zan yaba wa mutum sai na fara tauna shi, ni kaɗai, a bayan bishiya.