Rasuwar Mai Jan Ido a Kan Rufin Shago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu ƙaurin dalma, mai gyaran rediyo na bakin layi yake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar na'urarsa, Mai Jan Ido. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan rufin shagonsa, tana da shekara uku.

Shi ya haɗa ta da hannunsa, ba malami, daga gilashin tsohuwar kyamara da 'yar fitila mai siririn jan haske. Aikinta guda ne: ta ɗora muryarsa a kan hasken nan, ta harba ta cikin iska har tagar mahaifiyarsa a ƙetaren titi. Tsohuwa ba ta taɓa wayar hannu, wai tana dafa kunne, amma wannan ta riƙe ta kamar jika. Marigayiya ba ta da kwana-kwana. Inda aka saita ta nan take kallo, kuma ba ta taɓa kai zance gidan wani ba. Kowace safiya takan gaida mutane da "ƙit-ƙit".

Ciwon ajali ya faro ne da maƙwabcinsa mai burodi ya gina sabon tanda daidai ƙarƙashin hanyarta. Zafi ya riƙa tashi, iska tana rawa, hasken yana tangaɗi, wani lokaci ya sami taga, wani lokaci ya kuskure. "Ƙit-ƙit" ya koma "shrrr". Rabin gaisuwa ke isa, har tsohuwa ta aiko a tambaya ko ɗanta ya fara in'ina.

Ran da ta mutu ya ɗora wa mai burodi alhakin, ya daina gaida shi, mutumin da suka shekara ashirin suna zama benci ɗaya. Kwana tara yana juya maganar kafin ya gane gaskiya. Da ya ƙara wa sandar da take kai tsawo ta haye zafin, da ta rayu. Shi kuwa, saboda ƙauna, wuta ya dinga ƙara mata kullum don ta yi ƙarfi, har idonta ya ƙone. Tanda ya kwantar da ita, jinya ta ƙarasa ta. Mai jinyar kuma shi ne.

Ta bar ƙanwarta mai karɓar hasken a tagar tsohuwa, har yau tana zuba ido. Da batir biyu marayu. Da wata tantabara da ta saba hutawa a kanta.

Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da cewa da waya ya saya. Matarsa ta riga ta faɗa, sau huɗu.

Za a sauko da gawar ranar Asabar da safe, a naɗe ta a tsohon tawul, a kwantar da ita a aljihun tebur na ƙasa, kusa da rediyoyin da suka riga ta. Tsani mai kaiwa rufin ɗaya ne tak a layin, kuma na mai burodi ne. Ana roƙonsa ya zo da shi, ya karɓi gaisuwar kwana tara da aka hana shi, sannan don Allah ya riƙe ƙasan tsanin da kyau.