Dodon da Ya Durƙusa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a McLeansville, wani ƙaramin gari a Amurka, ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwan da ke kaina. Lokacin ina da ƙarfi, ina da gashi, wayar hannu kuma ninke ta ake yi a sa a aljihu. Da rana ina ɗaukar kaya a wani sito a Greensboro, ranar Asabar kuma ni ne Dodon Sahara.

Wani Bature mai tumbi ne ya gan ni na rungumo firij ni kaɗai, ya ce ko ina son resilin, irin kokowar nan ta Amurka da tun kafin a shiga fage an san wanda zai faɗi. Ni da na yi kokowar gaske a Damagaram, kan rairayi, da ganga da kirari, sai na ce wannan ai wasan yara ne. Ya ba ni wata baƙar hula mai rufe kai da fuska gaba ɗaya, da wando (wandon dai sunansa wando, amma ɗan kamfai ya fi shi kunya). Doka ɗaya ya kafa mini: Dodo ba ya jin yaren ɗan Adam, gurnani kawai yake yi.

Hular nan ta yi mini rana, domin akwai abin da nake ɓoyewa. Tun da yayana ya karye a ƙugu a fagen kokowa, Inna ta sa na yi mata alkawarin ba ni ba kokowa. Kuma da zan zo Amurka, a hannun Alhaji Isufu ta damƙa ni, ɗan unguwarmu mai ɗan kanti a East Greensboro. Shi ya tarbe ni, a gidansa na fara kwana, kuma duk Juma'a sai ya sayi katin waya ya kira gida ya ba da labarin kowa. In Alhaji ya sani, Inna ta sani. Shi ya sa na ce masa ranar Asabar ƙarin aiki nake yi (ban yi ƙarya ba, ɗaukar kaya ne, sai dai kayan suna da ƙafafu).

Na daɗe ina cin karena babu babbaka. Muna yawo ƙananan garuruwa, muna kafa fage a zauren da ke warin gugguru da gumi, tsofaffin mata suna jifana da kofin takarda. Wallahi ina kewar lokacin nan. Ban taɓa jin daɗin a tsane ni kamar a wancan zamani ba.

Ranar da abin ya faru, aka buga kiɗa, na yaye labule na fito ina gurnani, ina dukan ƙirji, yara suna ɓuya bayan iyayensu. Na iso layin gaba ke nan, sai ga farar hula da carbi. Alhaji Isufu ne zaune, ya naɗe hannu, 'ya'yansa biyu a gefensa. Ashe sun ga hoton wasan a gidan mai, suka hana shi sakat sai da ya kawo su.

Da na wuce abina, da shi ke nan, ba zai taɓa gane ni ba. Amma gwiwar da aka horar a Damagaram ba ta shawara da kai. Kafin in ankara na rage tsawo, na durƙusa, na sunkuyar da kai, bakina ya ce, "Ina wuni, Alhaji?"

Alhaji ya dube ni daga hular har wandon, ya daɗe a kan wandon, sannan ya ce, "Lahiya lau. Ya aikin?"

Na ce da godiya. Dodon Sahara ya ce da godiya, a gaban jama'a, yana durƙushe.

Ƙaramin ɗansa ya miƙe kan kujera yana shelanta wa duniya da Turanci cewa wannan ai kawunsu ne, jiya ma a gidansu ya ci tuwo. Mutane suka fashe da dariya, mai tumbi ya dafe kai. Na hau fage, kuma bisa tsari ranar ni ne zan faɗi. Wani siririn yaro da ko buhun gero ba zai ɗaga ba ya shimfiɗe ni, ina jin Alhaji yana salati.

Washegari na je kanti kamar wanda za a yanka. Alhaji bai ce komai kan wandon ba. Abin da ya ƙona masa rai, in ji shi, yadda na bar wannan tsinken ya kai bayan ɗan Damagaram ƙasa. Na roƙe shi kada Inna ta ji, ya ja carbinsa kawai. Dodo kuwa daga ranar ya mutu, domin duk inda na fito sai 'yan kallo su durƙusa suna gaishe ni. Ban ƙara wata biyu ba na ajiye hular.

Shekaru suka wuce Inna ba ta taɓa ɗaga maganar ba, har na sakankance. Alhaji ya koma gida Damagaram, Allah ya yi masa rasuwa, na je ta'aziyya. Na durƙusa gaban Inna ina gaishe ta, sai ta dafa kaina tana murmushi.

"Tun a makon da ka yi kokowar nan Alhaji ya gaya mini," ta ce. "Na yi niyyar fushi, sai ya ce ko da ka rufe fuska ba ka wuce babba a tsaye ba."

Hular tana nan a ƙasan akwatina, wani lokaci nakan ɗauko ta in shinshina. Abin da na koya shi ne, in za ka ɓuya wa mutanen garinku, kada ka tsaya a fuska, ka nemi abin da zai ɗaure gwiwa.