Rasuwar Gwaggo a Bakin Aiki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyar da kai ba, mai tsara shafuka ta wannan maɗaba'a ke sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutarta, wadda ma'aikata ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiyar ta yi rayuwarta a kan babbar manhajar nan ta Linux. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa cin amanar fayil ba. Da safe takan yi gaisuwa da "ƙiiit", in aiki ya yi nauyi fankarta ta kama "fuuu", kamar mai hura ɗanyen icce.

Harafi ne sanadin ajalinta. Manhajar tsara shafi ta kasance tana yanke wa ƙ lanƙwasarta, har aka buga katin taro ɗari biyar da ke maraba da "manyan baki". Manyan baƙin ba su ji daɗi ba.

"Daga yau ki riƙa bin kowane kati da biro kina lanƙwasawa," in ji Oga, mai maɗaba'ar.

Mai tsara shafukan, ita da ba a cika jin muryarta ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Juma'a. In na kasa, ni da biro har abada."

Ta sauko da asalin rubutun manhajar, ta gano layin da ke ɓarnar, ta gyara, ta sa Gwaggo ta sake gina manhajar daga tushe. Sau biyu ginin na tsayawa, wai akwai wasu ƙananan ƙunshin manhaja da ba a kawo ba. Aka kawo. A karo na uku, saura ƙiris a kammala, fanka ta yi shiru, ƙauri ya tashi.

Gwaggo ta rasu ta bar caja mai naɗin salatif, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da faifan ajiya wanda gyaran ke kwance a cikinsa lafiya lau.

Mai injin bugawa ya zo ta'aziyya yana cewa, "Ƙanwata, ai ba a ɗora wa tsohuwa buhun siminti." Ba a karɓi gaisuwarsa ba.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da ƙarfe tara, a ƙasan kabad ɗin takardu. Masu rakiya su zo da sukundireba, domin sai an cire faifan tukuna. Daga nan za a wuce da shi kai tsaye cikin sabuwar kwamfutar Oga, a ɗora gini daga inda aka tsaya. Ba a nemi izininsa ba tukun. Wannan sanarwar ita ce neman izinin.