Ranar da Na Yi wa Mangwaron Surukina Tiyata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka dawo mini da matata daga wankan jego ba, kuma ko na so in manta mutanen Kibiya ba za su bari ba. Har gobe in na sauka a tashar garin sai wani ya ɗago mini hannu daga nesa ya ce, "Likita, an iso?" Ni kuwa malamin lissafi ne, ko allura ban taɓa riƙewa ba.

Ni haifaffen birnin Kano ne, a gidan haya na tashi, tsakar gidanmu siminti ne tun daga soro har bayan gida. Abin da na taɓa shukawa a duniya shi ne ƙwayar wake guda a gwangwanin madara ina aji huɗu na firamare, ita ma ba ta fito ba. Aiki ya kawo ni Rano, a nan Allah ya haɗa ni da Rabi, autar wani dattijon manomi a Kibiya. Baba, surukin nawa, bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Abin da yake yi mini ya fi baƙar magana ciwo. In ana hirar noma a zaurensa na tsoma baki, sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Malam," ya juya ya ci gaba da magana da wani.

A tsakar gidan Baba akwai wani tsohon mangwaro da ake ji da shi. 'Ya'yansa ba su da zare, ƙwallonsu siriri, in ka sha ɗaya sai ka raina duk mangwaron da ka taɓa sha. Al'adar gidan ita ce duk 'yar da ta yi aure Baba zai ba ta dashe daga jikinsa ta kai ɗakinta. Yayar Rabi da ke Rurum ta samu, ta Yalwa ma ta samu. Mu kuwa shekara biyu da aure shiru. Da Rabi ta tuna masa sai ya ce, "Bari dai Malam ya saba da ƙasa tukuna." Tana dariya ta ba ni labari, ni ma na taya ta dariyar, amma ran nan tuwo bai wuce mini da daɗi ba.

Washegari na ɗaura aniyar mayar da kangon bayan gidanmu lambu. Na sayi fartanya da manjagara da butar ban ruwa, na haɗa da takalmin roba mai kaiwa gwiwa (a filin da bai fi shimfiɗar tabarma takwas ba). Malamaina su ne masu bidiyo a waya. Rabi kuwa, duk da 'yar manomi ce, ta ce ita iyakar nomanta kai abinci gona, don haka ni da ita duk 'yan koyo ne, bambancin kawai ita ta yarda, ni ban yarda ba.

Alayyahon farko na binne irin da zurfin yatsa, har yau muna jiransa. Kuɓewa ta fito da kyau, awakin unguwa suka zo suka yi mana godiya. Tumatir kuma na tausaya masa na zuba masa ɗanyen kashin kaji har gindi, kwana uku ya ƙone ƙurmus. Sai a karo na uku alayyaho ya amsa, bayan na yi shinge. Ban ma bari mun yi miya da shi ba, na ɗaure dami guda na ba ɗan acaɓa ya kai Kibiya.

Dabarar ta ci. Sati bai zagayo ba Baba ya aiko mu je. Na tuɓe takalmi na tsuguna a zaure, ya turo mini wani ɗan dashe a baƙar leda, tsawonsa bai kai gwiwa ba. A tsakiyar karansa an naɗe wani wuri da farar leda tamau, daga sama kuma wani ɗan tsinke ne mai ganye huɗu.

"Na yi masa aure, kuma ya kama," in ji Baba. "Ka kula da shi."

"To Baba, in sha Allahu," na ce, har da gyaɗa kai irin na wanda ya gane.

Ban gane komai ba. Na san ana cewa mangwaro mai aure, amma yadda ake yin abin, da dalilin yin sa, ban taɓa tambaya ba, kuma ranar da ake ba ni lambar girma ba ita ce ranar da zan tona wa kaina asiri ba. Rabi ce ma ta ƙara ɗaure ni. Daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, ai Malam yanzu ya wuce yadda kake zato. In wani abu ya sami dashen nan, ni za ka kama." Baba ya yi murmushin nan nasa.

Na dasa shi a tsakiyar lambu, na yi masa nasa shingen daban cikin shinge. Ba a jima ba aka zo aka tafi da Rabi gida goyon ciki, da yake haihuwar fari ce, aka bar ni daga ni sai mangwaro sai waya. Allah ya sauke ta lafiya, muka sami 'ya mace, aka yi suna, na dawo Rano na ci gaba da renon nawa jaririn.

A nan ne abin ya faru. Daga ƙasan wurin da aka naɗe da leda sai wani sabon reshe ya ɓullo, jajir da shi, ya kama girma kamar ana korarsa. Na sama kuwa yana nan jiya i yau, da ƙyar ya ƙara ganye biyu. Na ɗauko rula ina aunawa kowace safiya ina rubutawa (malamin lissafi ai ba ya aiki da ka). Ana nan na ci karo da bidiyon wani mutum mai almakashi a wata ƙasa, yana cewa a riƙa cire raunanan rassa don masu ƙarfi su sami abinci. Nan take komai ya haɗu a kaina. Na ce lalle dashen nan karyewa ya yi a hannun Baba, ya ɗaure shi da leda, kunya ta hana shi faɗa. Har tausayinsa na ji, na ce tsufa ke nan.

Ranar Asabar da hantsi na sa takalmin robana na fito da sabuwar reza. Maƙwabcina Malam Iro, dattijo ne da ya yi shekaru yana noman rani, ya leƙo ta saman katanga.

"Malam, wanne za ka cire?"

"Na saman."

"Na saman?"

"Shi mana. Shi ne ragon."

"To ai shi na saman nan..."

"Malam Iro," na katse shi cikin ladabin da ya fi rashin kunya muni, "wannan ilimin zamani ne. Na gani a waya."

Ya dube ni, ya dubi rezar, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya sauka. Na jiyo shi a bayan katanga yana wani irin tari mai tsawo, har na ce in na fita zan sayo masa magani.

Na yanke shi daidai kan ledar, tsaf, na shafa toka a wurin. Guntun kuma ban yar ba. Na sa shi a ambulan na adana, don in Baba ya ga yadda bishiyar ta murmure in nuna masa cutar da na raba ta da ita. Reshen ƙasa kuwa ya samu sarari, kafin arba'in ya kai mini ƙugu. Na tura wa Rabi hoto daga nesa, ta yi ta murna, ta kai wa Baba ya gani. Ya ce shi ba ya kallon shuka a waya, zai zo ya gani da idonsa.

Ranar da za a dawo da ita na share lambu har da yayyafa ruwa. Mota ta tsaya, Rabi ta fito da jaririya, ga yayyenta biyu, ga Gwaggo Talatu ƙanwar Baba, wadda in ta yi dariya a Kibiya ana ji a Rano. Sai ga Baba a gidan gaba. Ya ce ta'aziyya za shi Dawaki, ba zai shiga ciki ba, amma a buɗe masa ƙofar baya ya ga dashe. Matan nan duk suka ajiye kayan gara suka biyo shi. Malam Iro ma, ban san wa ya gaya masa ba, sai ga kansa a saman katanga.

Na fara jawabi. Na nuna alayyaho, na nuna kuɓewa, na yi bayanin taki kamar ni na ƙirƙiro shi. Sannan na buɗe ƙaramin shingen na ja da baya don kowa ya gani. Matan suka ce, "Ma sha Allah, ya girma!" Rabi ta dube ni da wani irin alfahari da ban taɓa gani a idonta ba. Baba kuwa ya matso kusa da dashen. Ya sunkuya yana bin karan da kallo daga sama zuwa ƙasa, kamar mai neman abin da ya faɗi.

Da na yi shiru a nan, wataƙila da ya rufa mini asiri har mata su watse. Ina! Na zaro ambulan daga aljihu na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga abin da ya hana shi girma. Na ga wurin da ya karye kuka ɗaure, to bai warke ba. Shi ne na yi masa ɗan aiki."

Baba ya buɗe ambulan, ya zazzage busasshen tsinken a tafin hannunsa, da guntuwar ledarsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Malam, wannan ka yanke?"

"E, Baba."

"Wancan ka bari?"

"Shi ne mai ƙarfin, Baba."

Ya gyara tsayuwa, ya yi magana a hankali, yadda nake yi wa ɗalibin da ya kasa haɗa biyu da biyu. "Wancan da ka bari, ƙwallon mangwaron bakin hanya ne, na tsinta na shuka. Ba shi da aiki sai riƙe ƙasa da jawo ruwa. In ya yi 'ya'ya, zare ne zalla, ko awaki sai sun yi shawara. A kansa na ɗora reshen bishiyar gidanmu na ɗaure, shi ne auren. Mangwaron da na ba ka," ya ɗaga tsinken sama kowa ya gani, "ga shi nan."

Sai Malam Iro daga saman katanga ya ce, "Alhaji, wallahi na so in gaya masa. Ya ce a waya ya gani."

Gwaggo Talatu ce ta fara. Ta dafa shinge, ta riƙe ciki, ta ce, "Ashe tiyata aka yi! An cire marar lafiya an bar cutar! Sannu Likita, sannu da aiki!" Yayyen Rabi suka tuntsire, direban ma da ya leƙo bai san kan zance ba ya kama dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige da takalmin robana. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba. Rabi ce, da ba ta yi dariya ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta tana kallon ƙasa, ita da ta tsaya a gaban mahaifinta ta ce a kama ta.

Baba bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya tona gindin da yatsa, ya murza ƙasar, ya girgiza karan. Ya ce, "Ban ruwa dai ka iya. Saiwar nan ta kafu, za ta ɗauki wani." Ya mayar da tsinken cikin ambulan, ya sa a aljihunsa, ya tafi ta'aziyyarsa. (Ambulan ɗin yana nan a zaurensa har yau, saƙale a jikin azara. Duk baƙon da ya zauna ya wuce minti goma sai an sauko masa da shi.)

Bayan kwana takwas ya dawo da ɗanyen reshe naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, da 'yar wuƙarsa. Bai yi da kansa ba, ni ya miƙa wa wuƙar. Ran nan na yi tambaya ta fi arba'in, har da waɗanda yaron goye zai ji kunyar yi, Rabi tana tsaye da jaririya tana ƙirgawa. Da muka gama ɗaurewa Baba ya ciro wani jan ƙyalle ya ƙulla a wurin, ya ce, "Daga nan zuwa sama, ko a waya aka ce ka taɓa, ka kira ni tukuna."

Abin da na koya ba shi da yawa. In an ba ni abu ban gane ba, yanzu ba na gyaɗa kai. In kuma ina riƙe da reza dattijo ya ce "To ai shi...", ina bari ya kai ƙarshen maganarsa.

Bana mangwaron ya yi 'ya'yan fari, guda biyar. Na ba Malam Iro ɗaya, kuɗin maganin tarinsa, na ɗauki biyu na kai Kibiya da kaina. Baba ya yanka ya sha a zaure, babu zare ko ɗaya. Daɗi ya kwashe ni na ce, "Baba, ashe lokacin nan ban san komai ba."

Ya lashe yatsa, ya dube ni sosai, ya ce, "Haka ne, Malam." Wannan karon bai juya wurin kowa ba.