An Aike Shi Maɗauri, Ya Dawo da Siki

"Na dawo, Kaka. Sannu da aiki."

"Sannu da zuwa, sarkin nawa. Ai na ɗauka Tokyo ka tafi da ƙafa."

Chizuru ba ta ko ɗaga kai ba, tana ta kankare gindin tukunyar romo. Masu cin abincin rana sun watse, ɗan shagonta na taliya da ke gindin dutse ya yi tsit, sai hucin hitar kananzir mai ɗumama shagon. A jikin bango allonta na zamiyar ƙanƙara yake jingine, maɗaurin ƙafar baya ya tsinke tun jiya yana reto. Shi ta aiki jikanta Gaku ya sayo mata a gari tun da safe. Kuma ba aiken wasa ba ne. Ran Lahadi za a yi bankwana da kwalbati, dogon kwarin nan da ake sassaƙawa a cikin ƙanƙara masu allo suna tsalle a ciki. Masu dutsen sun ce ba mai shigarsa yanzu, za su baje shi su ƙara fili ga 'yan siki, masu zamiya da falanki biyu, ɗaya a kowace ƙafa. Chizuru ta rantse ko da rarrafe ne sai ta shige shi karo na ƙarshe.

Sai ta ji ƙwaram a bakin ƙofa. Ta waiwaya. Gaku ya jingine wasu dogayen falankai biyu sirara, sababbi fil, da sanduna biyu, daf da allonta.

"Mene ne wannan?"

"Tsarabarki."

"Gaku, me ka shigo min da shi shago?"

"Siki ne, Kaka. Ko idon ya ƙara tafiya ne?"

"Na san siki tun ubanka yana tsumman goyo. Cewa na yi me ya kawo shi nan, kuma kusa da allona? Matsar da shi kafin ya shafa masa cuta."

"Wace cuta?"

"Tsoro."

Gaku ya cire hularsa ya kakkaɓe, ya ja kujera ya zauna kusa da hita kamar wanda ya yi abin kirki.

"Maɗauri na aike ka," in ji ta. "Ina maɗaurina?"

"Babu."

"Babu a ina? Shagon Tokuji ya ƙone ne?"

"Yana nan garau. Allunan dai ya kwashe. Inda suke a da, yanzu siki ne tun daga ƙasa har rufi. Ya ce ya gaji da share musu ƙura."

"Tokuji? Tokujin da na koya wa tsayuwa a kan allo yana kuka yana kiran uwarsa?"

"Shi fa. Ya ce in gaishe ki. Ya ce in kin gama da naki ki ba shi ya rataye a bango, baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Kayan tarihi suna jawo ciniki."

Soson wanke-wanke ya wuce ta gefen kunnensa ya manne a taga.

"Kin kuskure. Kin ga abin da nake faɗa? Hannu ya tafi, ido ya tafi, saura gwiwa, ita ma tana bakin ƙofa."

"Gwiwar nan ita ta goya ka ta sauko da kai daga ƙololuwar dutsen nan kana majina har baki. Kai har ka isa ka kawo min tsinken cin taliya ka ce in ɗaura a ƙafa? Mutum da lafiyarsa ya riƙa dogara sanduna biyu kamar wanda aka sallamo daga asibiti?"

"Gara mu, a tsaye muke. Ku fa? Rabin yininku a zaune kuke, ɗuwawu a ƙanƙara kuna ɗaure-ɗaure, kun tare wa mutane hanya. In an zo waje mai shimfiɗa ku hau tsalle-tsalle kamar kwaɗo."

"Kwaɗon ya fi ka farin jini."

"A da ke nan. Leƙa taga ki gani, Kaka. Duk wanda kika hango da allo, in ya cire hula furfura ce. Ke, da Malam Heiji mai gyaran famfo, da matar nan mai haƙoran roba. Ƙungiyar masu ciwon baya."

"Masu ciwon bayan nan su suka cika dutsen nan da mutane lokacin da ya kusa rufewa! Ka tambayi kowa. Layin kujerar lilo mai kai mutane saman dutse har bakin shagon nan yake kawowa, duk yara masu allo, gashi ja da kore, wando kamar buhu. Taliya takan ƙare min tun kafin rana ta raba. 'Yan siki kuwa suna gefe suna harararmu kamar mun ci musu gado."

"To yanzu sun karɓe gadonsu."

Ta buɗe baki za ta mayar, sai ta tsaya. Zafin hita ya sa Gaku ya zuge babbar rigarsa, ga wani ja yana leƙowa daga ciki. Chizuru ta san wannan jan. Shekara da shekaru tana ganin masu sanye da shi suna jan jerin yara a gangaren koyo.

"Buɗe rigar nan."

"Sanyi nake ji."

"Buɗe ta, na ce!"

Ya buɗe. Jar rigar malaman siki ce, da sunansa a ƙirji.

Chizuru ta ajiye tukunyar a hankali. Da ta jefe shi da ita ma da ya fi masa sauƙi.

"Ashe kai ne ɓeran. Ina nan ina zagin Tokuji, ashe a cikin tukunyata ake cin amanata. Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Kullum ka fita da allo a hammata kana min 'sai na dawo, Kaka.' Ina kake kai shi?"

"Ɗakin ajiya."

"Ɗakin ajiya! Allon da na tsaya a kanka har ka iya shi? Kana ɗan mitsitsi na ɗaure ka a kai, ka faɗi in ɗaga, ka faɗi in ɗaga, har bayana ya ƙage. Ja'iri! Mara kunya! Da na sani da kare na koya wa, shi ko ba komai zai kaɗa min wutsiya."

"Da kare kika koya wa da shi ma yanzu siki yake yi, don shi ma yana son cin abinci!" Muryar Gaku ta tashi, wasan ya fita daga cikinta. "Kin san yadda na yi farkon sanyin bana? Ina zaune a rumfar koyar da allo kamar mai gadin maƙabarta. Iyaye su zo da yara su wuce ni ko kallo babu. Wai siki ya fi sauƙin farawa, wai ba a karya hannu, wai duk gida za a sauko tare. Samarin da kike taƙama da su ma sun koma, don sikin yanzu faɗi gare shi, duk tsallen da allo zai yi zai yi. Shugaban makarantar koyon zamiyar ya ce ko in koma siki ko in koma gida."

"Da ka koma gida."

"In ci me? Taliyarki?"

"Taliyar tawa ce ta raine ka har ka yi bakin raina ta!"

"Kuma wai me siki ya yi miki ne? Mijinki ma ai ɗan siki ne."

"Kakanka ɗan sintiri ne, aikinsa korar masu allo. Ya bi ni da usur daga saman dutse har ƙasa, sanyi guda cur, bai taɓa kamo ni ba. Da ya ga ba dama sai ya aiko neman aure."

"Shi cewa ya yi tausayinki ya ji. Ya tsince ki a cikin rami ƙafafu a sama."

"Ƙarya yake yi, yana kwance a kabarinsa ma ƙarya yake yi!"

"To bara fa? Shi ma ƙarya ce? Wa aka kwaso daga cikin kwalbatin nan a kan gadon ɗaukar majinyata? Ni na riƙe miki hannu har asibiti, Kaka, kina zagina kina zagin direban motar asibitin. Likita ya ce me game da gwiwar nan?"

"Likita ɗan siki ne."

"Kowa ɗan siki ne a wurinki! Mai kawo wasiƙa ɗan siki ne, gwamnati 'yar siki ce, ruwan sama ma in ya lalata ƙanƙara ɗan siki ne!"

"Ka faɗi gaskiya karon farko yau."

A waje kujerun lilo suna ta wucewa sama, ƙafafu bibbiyu suna reto daga kowace kujera. Chizuru ta bi su da kallo ko za ta ga allo ko ɗaya. Ta gaji da jira ta kau da kai. Ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa.

"Lokacin da muka fara," in ji ta, muryarta ta sauka amma ba ta huce ba, "hana mu hawa lilon nan aka yi. Da ƙafa muke hawa dutsen, allo a baya, ƙanƙara har cinya. Aka ce mu 'yan iska ne, za mu kashe mutane. Limamin ɗakin ibada har gida ya samu babana. Duk wannan bai dame ni ba, don mai korarka ya san kana nan. Yanzu ba wanda ya kore mu, Gaku. Watsewa kawai aka yi, ɗaya bayan ɗaya, ba ko sallama. Ran Lahadi za su baje kwalbati, kuma ba wanda zai yi faɗa a kai. Na ɗauka ko kowa ya tafi kai kana nan."

Gaku ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana murza hularsa. Can ya sa hannu cikin jar rigar ya zaro wani abu ya ajiye a kan tebur.

Maɗauri ne. Mai ruwan hoda, da hoton zomo yana dariya a jiki.

"Sai da na wuce gari na shiga na gaba," in ji shi. "A kwandon kayan da aka rasa mai saye na tono shi. Shi kaɗai ya rage da zai shiga naki."

Chizuru ta kalli zomon, ta kalli jikanta.

"Yana aljihunka tun ɗazu?"

"Tun ɗazu."

"Ka bar ni ina ta ɓaɓatu har maƙogwarona ya bushe?"

"Likita ya ce ki riƙa motsa jini."

"Sikin fa?"

"Nawa ne. Wa zai yi asarar sabon siki a kanki? So nake ki gani da idonki, na gaji da ɓoyo."

"Ɗan banza! Ɗan banzan yaro! Kuma duk duniya ka rasa abin da za ka kawo min sai zomo? Ni? A ranar ƙarshe, gaban Heiji da kowa?"

"In ba kya so in mayar."

Ta kai hannu ta danne maɗaurin. "Taɓa ka gani."

Gaku ya ɗauko sukudireba daga aljihun tebur, ya kwantar da allon a ƙasa ya durƙusa yana kwance tsohon. Bai ɗago ba ya ce, "Amma da sharaɗi. Ran Lahadi ina bayanki. Duk inda kika juya ina nan."

"Da allonka?"

"Da siki."

"A cikin kwalbatina? Da tsinken taliya?"

"Dole a samu wani a tsaye da zai kwashe ki."

"Ka kamo ni tukuna. Jininku ba ya kamo ni."

Ya ɗora sabon, ya ɗaure sukurun ya ja baya. Ta zura ƙafa, da silifas ɗin kicin da komai, ta ja maɗaurin ya yi ƙaras-ƙaras ya kama. Ta lanƙwasa gwiwa, ta karkata gaba, ta karkata baya, a tsakiyar shago tsakanin tebura. Gwiwar ta yi ƙara, duk su biyun suka ji, duk suka yi kamar ba su ji ba.

"Ya yi miki kyau," in ji Gaku. "Kamar 'yar ajin renon yara."

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, amma da ta sunkuya suka haɗa ido da zomon, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har da riƙe tebur.

"Ciro ni daga nan, maci amana. Zauna in zuba maka. Akwai soyayyen jatan lande da na ɓoye wa jikana mai allo, amma tun da ya mutu, kai ci."